Daga Lofen Birnin Zariya Zuwa Tankin Tururi

Lokacin da kamfanin Nigerian Tobacco Company ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959, shekarar da Sarki Ja'afaru ya rasu Muhammadu Aminu ya gaje shi, ba a cikin ganuwa aka kafa ta ba. Can waje aka kai ta, inda duk wani abin Bature ya saba sauka, kamar tashar jirgin ƙasa da kantuna da injin gurzar auduga. Birni ya ba da ma'aikata, ƙauyuka suka ba da ganye, injin kuma ya tsaya a bayan gari. Haka zaman taba yake da Zazzagawa tun da can. Ana noma ta, ana daka ta, ana karɓar harajinta, amma ba a son ganinta a bakin ɗan mutunci. Yaro ya kai shekara hamsin ma, in ya hango kawunsa ya fito daga lungu, zai murƙushe wutar a tafin hannu ya durƙusa ya gaishe shi. Wannan kunya ta yi tasiri a kan yadda ake shan tabar kanta, har zuwa yau da ake maganar sigarin lantarki.

Taba baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, jiragen ruwan Fotugal da Sifaniya suka watsa ta, kafin ƙarni na 16 ya ƙare ta shigo Afirka ta Yamma. Masu tarihin Maroko sun rubuta cewa baƙaƙen mutanen da suka rako giwa zuwa fadar Sarki Ahmad al-Mansur su ne aka fara gani da hayaƙi a baki a can, watau ta zama 'yar gida a kudancin Sahara tun kafin Larabawan Magrib su san ta sosai. Nan take malamai suka rabu. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu a 1607 yana halatta ta, hujjarsa kuwa ba ta gusar da hankali. Babban malamin Malikiyya na Masar, al-Ajhuri, shi ma a nan ya tsaya. Wani malami Bafulatani a ƙasar Bagirmi, Muhammad al-Wali, ya tashi a ƙarshen ƙarni na 17 ya yi musu raddi mai zafi. A Istanbul kuwa Sarki Murad na Huɗu bai tsaya jan hujja ba, ya hana ta a 1633, kuma mutane sun rasa rayukansu a kan lofe. Daga baya ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta kafu a birnin Zariya tun ƙarni na 19, ta hana wa mabiyanta ita ɗungurungum. A gari mai zaurukan karatu irin na unguwannin Kona da Juma, ba sai an buga doka ba. Kallon malam ya isa.

Duk da haka taba ba ta gudu ba. Matafiyin Bature Clapperton, wanda ya zauna Kano a 1824 ya kuma ratsa Zariya a 1826, ya ga Hausawa suna sarrafa ta ta hanyoyi da dama: maza na busa lofe, maza da mata na cusa garinta da kanwa a baki, ana kuma rina haƙora da furenta. Wani matafiyin, Barth, da zai tafi Timbuktu a 1853 sai da ya yi guzurin tabar Katsina, don ya ji tana da daraja har can. Sarakuna ma sun san amfaninta, domin tana cikin kayan lambun da ake karɓar kuɗin shuka a kansu, tare da su albasa da rake da baba.

Lofe shi ne ya kamata a tsaya a kansa, don a nan labarin yake. Kansa na yumɓu ne, maginin tukwane ya gasa shi, sai dogon kara mai rami a soke a gindinsa. Mashayi zai ciro ganye daga batta, ya murtsuke shi a tafin hannu, ya zuba, ya danna da babban yatsa, ya ɗora ɗan garwashi. Gwanintar duk tana cikin dannawar nan. In ya danna da yawa iska ba za ta ratsa ba, sai ya yi ta ja kumatu na lotsewa babu hayaƙi. In ya bar shi sako-sako wuta ta zarce, hayaƙi ya zo da zafi ya ƙona harshe, ganye ya ƙare kafin hira ta yi nisa. Kara ya toshe da dauɗa, ya sa tsinke ya zungure. Kai ya fashe, ya saya wani a kasuwa ya soke a tsohon karan. Babu wani ɓangare na abin da ya fi ƙarfin hannunsa, kuma shi ke yanke yawan iskar da za ta bi ta cikin wutarsa.

Sigari ne ya ƙwace masa wannan iko. A 1881 wani matashi a Amurka, James Bonsack, ya sami lasisin injin da ke naɗe kara 200 a minti ɗaya, aikin da gwanin hannu ke yin kusan awa yana yi. A 1902, shekarar da sojan Ingila suka sauka Zariya, aka kafa British American Tobacco (BAT) a Landan. Kamfanin ya shigo Najeriya a 1912 yana sayar da na waje, ya gwada ƙaramar masana'anta a Oshogbo a 1933, ya gina ta sosai a Ibadan a 1937, aka kafa Nigerian Tobacco Company a 1951, Fatakwal ta samu tata a 1956, sannan Zariya. Ba a banza aka zaɓi Zariya ba. Nan ne mahaɗar jirgin ƙasa, ga fadamu, ga manoman da suka gaji taba kaka da kakanni. Kudu, wajen Oyo, ana gasa ganye a rumbun wuta, mu kuwa a Arewa a inuwa ake rataye shi iska ta busar da shi. Kamfani ya ba da iri da taki bashi, malamin gona ya zagaya, ranar awo a tantance ganye daraja-daraja a cire bashi a ba manomi saura. Wanda ya saba da cinikin auduga da gyaɗa bai ga baƙon abu ba: mai saye ɗaya ne, kuma shi ke faɗin farashi.

Abin da ya fito daga injin, su Three Rings da Sweet Menthol da High Society, bai bar wa mashayi komai ya gyara ba. An auna ganyen, an auna takardar, an auna har nauyin zuƙar, domin kamfanonin sigari suna da na'urar gwada ƙarfin da baki zai yi kafin hayaƙi ya fito, kuma suna tsare wannan ma'auni kamar yadda suke tsare ɗanɗano. Da haka aka horar da miliyoyin bakuna a kan ja iri ɗaya: a tsotso hayaƙi kaɗan ya taru a baki, a ɗan dakata, sannan a shaƙa shi zuwa huhu ya daki maƙogwaro. Sigari ya kuma dace da mai jin kunya fiye da lofe nesa ba kusa ba. Ba ya buƙatar garwashi, yana ɓuya a aljihu, minti biyar an gama. Uwa uba ana sayar da shi kara-kara. Mai tireda ya buɗe kwali, ya ɗaure ashana da zare a jikin teburinsa.

"Kara nawa, maigida?"

"Ba ni ɗaya, sai gobe in biya."

Da wannan ɗayan aka kashe lofe, ba da talla ba.

Abin takaici, ranar da aka yanka zaren buɗe masana'antar Zariya, likitoci sun riga sun san illar sigari. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka buga binciken da ya danganta sigari da sankarar huhu. Ƙungiyar likitocin Landan ta fitar da rahotonta a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka ya bi a 1964. Mu sai 1990 muka yi dokar farko, Doka ta 20, zamanin Babangida, lokacin Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu da BAT kan sabuwar masana'anta ta dala miliyan 150 a Ibadan, a 2005 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba. Hannun dama na kira, na hagu na kora. Jihar Kano na cikin waɗanda suka maka kamfanonin a kotu a 2007. Ƙidayar da aka yi a 2012 ta nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manyan Najeriya na amfani da taba, maza kashi 10, mata kashi 1.1. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Duk mai shakka kan yadda ake bin wannan sashe, ya tsaya gaban mai tireda a Ƙofar Doka ko Babban Dodo bayan magariba.

Wani likita a Landan, Michael Russell, ya faɗi wata magana a 1976 da ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. Ya ce nikotin ne ke jan mutum ga sigari, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce ke kashe shi. To me zai hana a raba su? Wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya riga ya yi rajistar sigari marar hayaƙi a 1963, bai sami mai ƙera masa ba. Sai a 2003 wani mai haɗa magunguna a Shenyang ta ƙasar Sin, Hon Lik, mashayi ɗan mashayi wanda sankarar huhu ta kashe mahaifinsa, ya fito da na'urar da ta shiga kasuwa a 2004 da sunan Ruyan. Babu ganye, babu wuta. Ruwa ne mai nikotin da sinadarai biyu, furofilin gilaikol da gilisarin, ana ɗumama shi ya zama tururi.

Na farkon nan ba su da ƙarko. Batir ya mutu kafin azahar, kan ya ƙone a 'yan kwanaki, a jefar a sayi wani daga kamfani. Sai masu shan suka shiga taɓe-taɓe. A Ingila wani uba da ɗansa suka mai da gangar tocila gidan batir. A Girka da Jamus da Rasha masu injin sassaƙa ƙarfe suka fara yin tankunan da ake warwarewa, mutum ya naɗa wayarsa da kansa, ya sa lagwaninsa. Wanda ya fi suna shi ne Kayfun na kamfanin SvoëMesto, wanda ya bazu wajajen 2013, da Taifun na Jamus. Suna da tsada, amma kafin a ce kwabo masana'antun Shenzhen sun cika duniya da kwafinsu.

Aikin kansa bai fi ƙarfin mai naɗin kwayil ɗin fanka ba, ƙanƙanta ce kawai. Ana yanko waya siririya ta Kanthal, haɗin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom da aka ƙirƙiro a Suwidin don murhun lantarki, kaurinta kusan milimita 0.3. A naɗa ta zagaye shida ko bakwai a jikin sukundireba mai kaurin milimita 2.5, a ɗaure ƙafafunta biyu da ƙananan kusoshi, a gwada a mita. Za a ga turjiyarta ta kai om 1 da 'yan kai. A ɗan ba ta wuta, in ta yi ja daga tsakiya zuwa gefe, naɗin ya yi daidai. In wani zagaye ya riga saura yin ja, akwai inda waya ta taɓa abin da bai kamata ba, sai a gyara da hantsaki. Sannan a murza auduga a zura ta ciki, a datse bakinta biyu su sauka cikin ramukan da ruwa ke hawowa. Nan ma dannawar lofe ce ta dawo. Auduga ta yi yawa, ruwa ba zai bi ba, ta bushe ta ƙone, zuƙa ɗaya ta sa mutum tari har da hawaye. Ta yi kaɗan, tanki ya yi ambaliya ya jiƙe aljihu. Wanda ya taɓa fama da lagwanin risho ya san wannan rigima.

Me ya sa ake son waya mai yawan turjiya? Lissafin Georg Ohm ne na 1827. Batirin yana ba da bolt 3.7 a matsakaici. In turjiya om 1.5 ce, wutar da za ta ratsa ba ta wuce amfiya 2.5 ba, ƙarfin zafin kuma wat 9 da ɗoriya. A saukar da turjiya zuwa om 0.2, sai wuta ta haura amfiya 18, zafi ya doshi wat 70. Na'urorin yanzu suna da ƙwaƙwalwar da ke barin mutum ya zaɓi wat ɗin da yake so, amma ƙa'idar na nan: siririyar waya da ƙaramin zafi take aiki, kakkaura sai da babba. Iska kuma dole ta bi sawun zafi. Ƙaramin kwayil a ƙarƙashin ƙatuwar ƙofa, tururin zai zo salam babu ɗanɗano. Babban zafi a bayan ƙaramar ƙofa, sai ƙuna. Shi ya sa tankunan nan suke da huda ɗaya tak a ƙarƙashin kwayil, faɗinta daga milimita 0.8 zuwa 1.5, da ɗan ƙaramin ɗaki da siririn bututu zuwa baki. Matsewar tana da wani aiki da ba kowa ke lura ba. Jan da baki ke yi yana rage iskar da ke cikin ɗakin, wannan ne ke tsotso ruwa daga tanki zuwa auduga. In aka buɗe ƙofa fiye da kima, lagwani ya rasa mai tura masa ruwa.

A ƙarshen 2014 kasuwa ta juya. Aspire ya fito da Atlantis, Kanger ya fito da Subtank, turjiya ta faɗi ƙasa da om 1, ƙofofin iska suka zama tagogi, ana ja kai tsaye zuwa huhu kamar shisha. Samari suka shiga gasar wanda zai fi cika ɗaki da tururi. Ruwan da zai yi wa mai ƙaramin kwayil kwana biyu, sai ya ƙare kafin la'asar. 'Yan kasuwa sun ji daɗi, tunda a ruwa da kwayil ɗin kwali ribar take. Amma tsohon mashayin da ya shekara talatin yana tsotson kara bai ga abin da ya sani a ciki ba. Bakinsa ya saba da ƙofa matsattsiya. Abu biyu suka dawo da matsattsiyar zuƙar. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2016 ta ƙayyade tanki kada ya wuce mililita 2, kwalba 10, nikotin miligiram 20 a kowace mililita, wanda ya sa shan ruwa da yawa ya zama wahala. A Amurka kuma Juul, wanda ya fito a 2015 da nikotin mai laushi a maƙogwaro, ya nuna cewa ƙaramin abu mai matsattsiyar zuƙa shi ne ke kama mutane. Daga 2017 tankunan naɗi irin su Berserker da Ares suka dawo da tsohon salo a farashi mai sauƙi. Shekara goma sha biyar ana ƙere-ƙere, aka ƙare a kan zuƙar da injin Bonsack ya koya wa duniya.

Juul ɗin ya kama har da waɗanda ba a nufa ba, 'yan makarantar da ba su taɓa riƙe sigari ba, kuma wannan ne ramin da ke cikin zancen duka. Hukumar lafiyar Ingila ta ce a 2015 tururin ya fi hayaƙi sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, masana da yawa suka ce alƙalamin bai da ƙafafu, Hukumar Lafiya ta Duniya har yau tana ɗari-ɗari, Indiya ta hana shi gaba ɗaya a 2019. Daga shekarar zuwa farkon 2020 wata cutar huhu ta kwantar da masu shan tururi fiye da 2,800 a Amurka, 68 suka mutu, aka gano yawanci daga ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani mai. Ra'ayina a nan bai da tsawo. Ga dattijon da ya yi ta rantsuwa kowace azumi zai bari ya kasa, abin dubawa ne tare da likita. Ga yaron da bai taɓa sha ba, sabuwar igiya ce kawai, domin nikotin ɗin da Ahmad Baba da al-Wali suka yi jayayya a kan ganyensa shi ne dai a cikin kwalbar.

In da hankali ke zaɓa wa kasuwa kaya, irin mai naɗin nan ne zai fi dacewa da mashayin cikin ganuwa. Batirinsa na kai wuni ko fiye, a garin da wuta ke zuwa ta ga dama. Tururinsa kaɗan ne, ya watse kafin ya kai ƙofar zaure, babu wanda zai yi gasar cika ɗaki a Kwarbai ko Limancin Kona. Waya mita goma ta isa shekara. Sai dai a yi hattara da yanayi: zafin Maris da Afrilu na tsinka ruwan ya yi ta yoyo, sanyin hunturu na daskarar da shi ya ƙi bin lagwani, don haka yawan audugar bazara ba shi ne na hunturu ba. Batirin kuma ba abin jefawa aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi ba ne, yana iya kamawa da wuta. Wani abin dariya, audugar da gwanayen abin ke nema daga Japan ake kawo ta, alhali Zariya ta shekara fiye da ɗari tana gurzar auduga.

Amma ba shi ne ya zo ba. Abin da ya fi saurin shiga kasuwannin Najeriya shi ne ɗan ƙaramin nan mai launi da samari ke kira shisha-fen, mai ƙamshin mangwaro ko kankana, a rufe ruf, ba a buɗewa ba a ƙara ruwa. Shi ma waya ce mai turjiya da ƙofa matsattsiya a cikinsa, sai dai kamfani ne ya naɗa ya liƙe. Ya ƙare, a wurga shi a kwata da batirinsa na litiyom a ciki. Tankin naɗi yana son kuɗi dunƙule a ranar farko, da mita, da hantsaki, da haƙurin zama a koya, mai aljihun kara ɗaya kuwa ba shi da dunƙulen. Beljiyom ta hana na yarwa a watan Janairun 2025, Birtaniya ta bi a ranar 1 ga Yuni. Masana'antun Shenzhen ba su rufe ba, kuma kwantena da aka hana sauka a wata tasha takan nemi wata.